Motar da Ba Ta da Ribas

Litinin, da hantsi

Auta ta gama kwaso mini kayana zuwa ɗakin baya. Katifa, bargo, kwalaben magani, rediyo. Ta ce na ɗan lokaci ne. Ta manta da matashin kaina, ban tuna mata ba, don yana can kan gadonmu kuma ba na so ta zare shi a gaban uwarta.

Ɗakin nan shi ne wurin aikina tun da na yi ritaya daga gyaran na'urorin sadarwa, amma ban taɓa kwana a cikinsa ba. Warin dalma yake yi da tsohon mai. In na buɗe ƙofa daga kan kujera ina hango tsakar gida baki ɗaya: igiyar shanya, magudanar ruwan da ta raba filin biyu, sai can ƙarshe ƙofar ɗakin Sufeto da koren labulenta.

Sufeto nake kiran matata tun muna sabon aure, saboda ko fitila na gyara sai ta zo ta ɗaga, ta jujjuya, ta samo aibi. Ita kuma ta sa mini Injiniya, don ta san karatuna bai kai can ba.

Goshina ya daina jini. Kofin da ta jefe ni da shi jiya, da ta kasa gane ni, ma bai fashe ba.

Talata, da yamma

Labule bai motsa ba.

Laraba, da safe

Na fito na tarar da takalmana yadda na cire su jiya, hancinsu na kallon ɗaki. Na tsaya ina kallonsu kamar na wani. Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa juya takalmi da kaina ba. Kafin in tashi Sufeto ta riga ta juya su, hanci waje, sai dai in zura ƙafa in tafi. Haka take yi wa komai. Almakashi in za ta miƙa maka, buta a bakin famfo, keken yara da suka yar a ƙofa. Ba ta iya ganin abu ya ba hanyarsa baya ta wuce shi.

Na juya su da sanda. Ɗaya ya kife.

Likita ya zo ya tafi. Auta ta kawo mini shayi, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta zauna ba.

"Baba, likita ya ce ka ƙara haƙuri. Kar ta gan ka tukuna."

"Ni take gudu kenan."

"Ba kai ba ne, Baba. Fuskar ce ba ta gane ba."

"Fuskar ai tawa ce."

Ta murza gefen mayafinta. Can ta ce, "Tana tambayarka fa, kullum. Ta ce Injiniya ya daɗe bai dawo daga aiki ba, a rufe masa abinci."

"To ki ce mata ya dawo."

"Ai na faɗa ranar Lahadi. Ka ga abin da ya biyo baya."

Na sha shayin. Ya yi sanyi.

Juma'a, da rana

Ba ni da abin yi, sai na fara kwashe kwalayen ƙarƙashin tebur. A na ƙarshe na sami motar wasan da jikoki suka bari tun wani zuwa da suka yi suna ƙanana. Irin mai rimot ɗin nan. Bodin ya tsage, taya ɗaya ta ɓata, injin ya ƙone. Na sa wa rimot batir don kawai in ga, sai jar fitilarsa ta kawo.

Na buɗe cikin motar. Allon da ke karɓar saƙo yana da rai. Na danna hagu ya amsa, dama ya amsa, gaba ya amsa. Baya ne ya mutu, wurin ya yi baƙi ƙirin.

Na daɗe riƙe da shi ina kallon tsakar gida.

Likita fuskata ya hana. Bai ce komai a kan aikin hannuna ba.

Asabar, da hantsi

Na buga katanga da sanda har Mai walda, maƙwabcinmu, ya leƙo. Ya zagayo da baƙin tabarau a goshi, yana goge hannu a wando.

"Baba Injiniya, an ce an yi maka canjin wurin aiki."

"An ƙara mini girma. Zauna."

Na zana masa abin da nake so a bayan kwalin magani. Mota ƙarama, tsawon taƙi biyu, mai tsayin ƙafa, wadda za ta tsallake magudana ta bi siminti mai tsagu ba ta kife ba. Ƙasanta daga tsohon farantin alminiyom. Injinta daga abin huda katako mai batir da ya daina riƙe kusa amma yana juyawa.

Ya ɗaga injin ya auna nauyinsa a tafin hannu. "Baba, wannan a kan faranti? Ai ba mota za ka yi ba, jirgi ne. Sai mun je bayan gari nemo ta."

"Kai dai ka haɗa mini sandar tayar baya, ka bar mini lissafi."

"Wa za a ba? Jikoki ai sun yi gemu."

Na ce tawa ce.

Ya dubi inda nake duba, ya ga labulen. Mutumin nan bakinsa ba ya hutawa, amma sai ya sauke tabarau kan idonsa a cikin ɗaki, inda ba wuta ba walda, ya ce gobe zai kawo.

Lahadi, da yamma

Mako guda. Na ji tarin Sufeto sau biyu.

Talata, da safe

Tayoyin baya daga keken jarirai da Mai walda ya tsinto. Na gaba daga akwatin tafiyarmu, wanda zif ɗinsa ya lalace tun dawowarmu daga bikin Auta. Sun yi santsi, sai na yanka robar cikin tayar keke na naɗe su da gam. Sifirin ɗin rage girgiza kuwa na cire daga tsohuwar lema, guda huɗu, ba biyu da suka zo daidai. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya da gwangwanin kusoshi har na haɗa masu kama da juna.

Hannu ne matsala. Ƙarfen narka dalma yana rawa a hannuna kamar mai jin sanyi. Na ƙone yatsa, na ƙone tebur. A makarantar koyon sana'a malaminmu yakan bi layi da rula, wanda ya ɗiga dalma a inda ba ta dace ba ya sha a bayan hannu. Da ya ga aikina na yau da rular ta karye.

Dabarar da na samo: in ɗaure wuyan hannun dama a jikin tebur da tsumma, in bar yatsu kawai su yi aiki. Yana yi. Sai dai in Auta ta taho in yi maza in kwance.

Laraba, da rana

An fito da Sufeto bakin ƙofa ta sha iska. Auta ta zo tukuna ta ja ƙofata, ta bar ɗan tsagi. Ta nan na gani. Ta rame. An ɗaura mata ɗankwali ba yadda take ɗaurawa ba. Tana ta lallashe zanen cinyarta da tafin hannu, kamar mai shirin yanka yadi.

Tana kallon ƙofar gida, ba tawa ba.

Alhamis, da yamma

Auta ta shigo ta zauna yau, na san da magana.

Ƙarshen wata mijinta zai zo da mota. Hutun da ta ɗauka a wurin aiki ya ƙare, kuma can akwai babban asibiti kusa da su. Za ta tafi da uwarta. Ni in zauna in riƙe gida, matar Mai walda za ta riƙa kawo mini abinci, su kuma za su riƙa kira. Gidansu bene ne, ɗaki biyu, ba inda za a ɓoye ni.

Ba ta ce ɓoye ba. Ni na ce.

Ina sauraro ina goge bakin sandar taya da magagari. Ban daina ba, don in na daina sai na ɗago kai.

"Baba, magana nake maka."

"Ina ji."

"Ba ka ji. Ni ina can ba barci ba hutu, ina wanka ina wanki, tana zagina tana kira na da sunan ƙanwarta da ta rasu, kai kana nan kana wasan yara!"

Ta kama bakinta da hannu. Na ce ba komai. Ta ce in yafe mata. Na ce miƙo mini filaya. Ta miƙo, baki gaba, yadda uwarta ba ta taɓa miƙawa ba. Na karɓa a haka.

Juma'a, da safe

Ƙarshen wata ba nisa. Ban duba kalanda ba, na juya ta ga bango.

Asabar, da yamma

Saƙon rimot ba ya wuce magudana. Na cire eriyar rediyona na haɗa masa. Yanzu yana kaiwa har ƙofarta da ɗan ragi. Rediyon kuma sai shuuu. Dama labaran ba nawa ba ne.

Litinin, da hantsi

Motar ta tashi!

Auta ta rufe ƙofar uwarta ta tafi kanti, sai muka fito da ita ni da Mai walda. Allon motar yara ba zai iya ɗaukar wannan injin ba, don haka na sa masa makunnin hon ɗin mota a tsakani, allo ya taɓa makunni, makunni ya saki wuta. Na danna. Ta zabura kamar an tsikare ta, ta tsallake magudana tayoyi huɗu a sama, ta sauka a kan sifirin ɗin lema ta yi tsalle biyu, ta shige cikin bokitin wanki.

Mai walda ya zauna a ƙasa don dariya. "Na faɗa maka jirgi ne! Baba, wa ya ba ka lasin?"

Ni ma na yi dariya har tari ya kama ni. Na manta rabon da in ji muryata haka.

Ya ce in dawo da ita. Na ce ba ta da ribas.

"Kamar ya?"

"Gefen baya na allon ya ƙone. Gaba kawai ta sani. In akwai fili ta yi kwana ta dawo. In babu, sai an ɗaga ta an juya."

"To ɗakin Mama ai ba fili. Gado, kujera, keken ɗinki. Tana shiga ta maƙale."

Na ce na sani.

Ya ce akwai wani mai gyaran kayan wasa a kasuwa, zai duba masa allo mai lafiya. Na ce ya duba. Mun rage mata gudu da rage batir ɗaya.

Laraba, da yamma

Laifin kunnena ne. Ni ban ji ƙarar motar yadda take ba.

Na roƙi Auta ta jingina katako a dokin ƙofar don mota ta hau. Ta yi, ba don ta so ba. Na ɓare lemo, na sa ɓari biyu a murfin gwangwani da na ɗaure a sama. Motar ta tafi tiryan-tiryan, ta tsallake magudana, ta hau katako, labule ya haɗiye ta.

Sai ihun.

Irin na ranar Lahadi.

Auta ta fito da motar a hannu, riƙe da taya ɗaya kamar ta kamo ɓera. Ta dire ta a gabana. Lemon ya zube a hanya. Ta ce haƙoran ƙarfen da ke juya tayoyin suna kuka kamar zarto, Mama ta zaci wani abu aka shigo yankawa. Ta ce, "Baba, don Allah. Don Allah." Ta juya ta koma.

Alhamis

Ban taɓa komai ba.

Juma'a, da rana

Ɓarin lemo ɗaya yana nan bakin magudana. Tururuwa sun same shi.

Asabar, da safe

Na farka da ƙarar keken ɗinkin Sufeto a kunnena. Ba kowa a kan keken, a kaina ne kawai. Shekaru ina aiki a nan tana ɗinki a can, ƙofofi a buɗe, ba mai ce wa wani komai. In keken ya tsaya na san ta taso duba ni.

Keken ba ya kuka don ba haƙora ke jan sa ba, bel ne.

Da Auta ta kawo shayi na ce, "Keken uwarki, da shi za ku tafi?"

"Ina za mu sa shi, Baba? Kuma ba ta taɓa shi ba tun bara."

"To ciro mini bel ɗin. Da bobin na naɗe zare guda biyu, suna cikin ƙaramin aljihun hagu, ƙarƙashin alli."

"Baba."

"Sau ɗaya. In ta firgita, ki kai wa Mai walda ya sare ta gida biyu, ba zan ce uffan ba."

Ta dube ni irin duban uwarta, kai a karkace. Ta tafi. Ta daɗe. Da ta dawo sai ta ajiye su a tebur ta ce, "Ƙarƙashin alli suke. Yaya aka yi ka sani?"

Na ce a gidan nake.

Bel ɗin fata ne, ya yi laushi, wurin da take kama shi ta ɗora a kan ƙafa ya yi duhu. Ban fara aiki nan da nan ba.

Litinin, da yamma

Na cire haƙoran ƙarfe gaba ɗaya. Bobin ɗaya a bakin injin, babban faifai na katako a sandar taya, bel na gajarta shi na ɗinke da waya. Yankan bel ɗin ya fi komai wuya. Ba don tauri ba.

Yanzu tafiyarta a hankali, kamar ta mai ɗauke da ruwa. Na kira matar Mai walda ta saurara mini, tunda kunnena ba abin yarda ba ne. Ta sunkuya ta ce, "Baba, ai kamar ana ɗinki a ɗaki na uku."

Talata, da hantsi

Mai walda ya shigo yana washe baki, da allo a leda. Sabo fil, gaba da baya duk suna yi.

"Ga ribas, Baba. Minti kaɗan mu ɗaura. Ta shiga, ta sauke kaya, ka jawo abarka ba ka roƙi kowa ba."

Na karɓa na duba. Aiki mai kyau. Na mayar cikin leda na sa a aljihun tebur.

"Ba za ka sa ba?"

"A'a."

"Na yi yawo a kasuwa kamar mai neman ɓataccen akuya, ka ce a'a?"

"Na gode. In na sa mata ribas, ni zan dawo da ita."

"To da wa kake so ya dawo da ita?"

Na rufe aljihun tebur. Ya sosa ƙeya. Sai idonsa ya faɗa kan jar wayar da na bari tana reto a gefen murfin gwangwani, tsawon yatsa biyu.

"Wannan kuma ina ta nufa?"

"Ba inda ta nufa. Ba a haɗe take da komai ba."

"To a yanke mana, ta ɓata aikin."

Na buge masa hannu. Duk rediyon da na taɓa gyarawa a gidan nan, in na bar waya tana reto sai an dawo mini da shi. Wai aikin ƙazami. Tun ina bari da mantuwa har na koma bari da gangan, don ta taso daga kan keken.

Mai walda ya ce mu tsofaffi sai a bar mu. Ya sa tabarau ya fita.

Laraba, da yamma

Motar ta shiga. Ba ihu.

Na ƙirga numfashina har na gaji, sannan na danna gaba. Labule ya ɗaga, ta fito hanci gaba, ta gangaro katako. Na sunkuyo daga kan kujera.

Da ta iso na duba. Lemon yana nan. Wayar tana reto. A gefen farantin akwai kumfar sabulu.

Na kira Auta. Ta zo hannunta jiƙe.

"Ke kika juya ta."

"Ni? Ina wanki."

"Na gani."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta ga na daɗe ina jira ne. Ta ce Mama ta kalli motar, ba ta ji tsoro ba, har ta ɗan karkata kai tana saurare, amma ba ta taɓa ba.

Na ce, "Auta, ki ji ni. Kin yi mini komai, Allah ya yi miki albarka. Wannan ɗaya kar ki yi mini. In ta maƙale ki ɗauko ta a hannu ki kawo, in gan ki ɗauke da ita."

Ta ce to.

Alhamis, da hantsi

Auta ta kawo ta a hannu.

Alhamis, da yamma

A hannu.

Juma'a, da rana

Surukina ya iso. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jiki, ya yaba motar fiye da yadda ta cancanta. Yaron kirki ne. Ya ce in sun daidaita zai zo ya ɗauke ni in gan ta ko daga nesa. Na ce Allah ya kai mu. Ni da shi duk mun san yadda ƙafata take da matakala.

Na aika motar da yamma. Shi ya kawo ta, da hannu biyu, kamar mai miƙa tire.

Ana ta ɗaure kaya. Na ga akwatinta ya fito, na ga bargonta mai ratsi. Matashin kaina bai fito ba, kuma ba a kawo mini ba.

Na sa batir a caji.

Asabar, da safe

Zan rubuta wannan a hankali, yadda ya faru, don kar gobe in ce ƙarawa na yi.

Da gari ya waye suka buɗe ƙofar gida suka fara loda kaya. Auta ta zo ta ce in sun gama za ta fito da Mama, in ja ƙofata kamar kullum. Ta rungume ni, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama. Ta koma.

Daga kujerata ina ganin su biyun ta ƙofar gida. Shi yana kan mota yana jan igiya, ita tana ƙasa tana miƙa masa katifa, suna gardama a kan ta ina za a ɗaure. Matar Mai walda tana gefensu riƙe da fulas. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya rage a cikin gida sai ni da ita.

Katakon yana nan a dokin ƙofa. Auta ba ta ɗauke ba.

Na ɓare lemo. Ɓari ɗaya ya faɗi, na sa ɗayan. Na ajiye motar a ƙasa na danna. Ta tafi da 'yar ƙararta ta ɗinki. A magudana tayar hagu ta ɗan maƙale, na saki na sake dannawa, ta haye. Ta hau katako. Labule ya rufe a bayanta. Na ɗage yatsa.

Ban ƙirga komai ba yau. Na kalli Auta, don in tabbata tana inda take. An ɗaure katifa. An sa akwati. An kwance katifa an sake ɗaurewa. Surukina ya sauko yana karkaɗe hannu, na ga Auta ta juyo za ta shigo.

Na danna gaba.

Ba komai. Na ce a raina to, ta ci karo da ƙafar gado, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Ban ɗage yatsa ba, don ban san me zan yi da shi ba in na ɗage.

Sai gindin labule ya kumburo.

Hanci gaba. Daidai tsakiyar katakon, ba ta karkata ko kaɗan ba, yadda ba a taɓa ajiye ta ba sai an duba hanya tukuna. Ta gangaro. Auta ta tsaya cak a tsakar gida, hannu a ƙirji, motar ta wuce ta gaban ƙafarta. Ta dube ni ta ɗaga tafukanta biyu sama, wai in gani. Na gani.

Motar ta tsallake magudana ta zo ta daki takalmina ta tsaya.

Murfin gwangwani ba lemo. Jar wayar kuma an naɗe ta a jikin kusar murfin, zagaye uku a matse, an cusa bakin ta ƙarƙashi an ja. Haka take gama bakin zare.

Auta ta ce, "Baba, ja ƙofar."

Na ja. Na bar tsagi. Sufeto ta fito a hannun Auta tana tauna, tana tafiya ƙanana-ƙanana. Ba ta dubi nan ba. A bakin ƙofar gida ta tsaya, ta sa ƙafa ta gyara wani silifa da aka bari a karkace, sannan ta fita.

Lahadi, da hantsi

Auta ta kira, sun sauka lafiya. Ta ce a hanya Mama ta ce a gaya wa Injiniya aikinsa har yanzu na ƙazami ne. Wataƙila ta faɗa. Wataƙila Auta ce ta ga ya kamata a ce ta faɗa. Ban tambaya ba.

Na shiga ɗakin Sufeto. Matashin kaina yana gefena na gadon, an kaɗe shi an daidaita.

Mai walda ya leƙo ta katanga. "Baba Injiniya, yanzu dai a sa mata ribas ɗin nan ko? Kar kuɗin kasuwata ya tafi a banza."

Na ce ya bar ta.

Motar tana bakin ƙofa kusa da takalmana. Na cire batir don kar ya zuba. Wayar ban taɓa ba.